Amsa ga ƙanenmu mai tambaya kan dabon yaga kati

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce ka yi wata uku kana fama da dabarun cakuɗa karta da zaro katin da mutum ya zaɓa, hannunka har ciwo yake, amma abokanka sai su ɗaga kafaɗa su wuce. Ranar da wani ya yaga kati a gabansu ya mayar da shi kuwa, mako guda suna zancen. Kana son sanin dalili, kuma ko ya dace ka riƙa lalata karta saboda shi.

Ni tela ne a nan Garwa, kuma na haura shekara ashirin ina wannan wasa na saurin hannu bayan na tashi daga kan keke. To bari in ba ka amsa daga wajen ɗinki. Duk rigar da aka kawo mini a yage, komai kyan zaren da na sa, mai ita zai shafa wurin da yatsa ya gane inda na bi. Haka takardar kuɗi: ka taɓa miƙa wa mai shago sefa 1000 da aka liƙe da salatif? Ka ga yadda yake juya ta yana hararar ka. Tun muna yara hannunmu ya riga ya koyi cewa abin da ya yage ya yage. Shi ya sa wannan dabo ba ya neman bayani. Idan ka zaro wa mutum katinsa daga cikin 52, sai ya fara tuna wane kati ne, ya yarda ka cakuɗa da gaske, ya kuma yi lissafin wuyar abin, sannan mamaki ya zo, in ya zo. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe karta ba ba za ta ga komai a ciki ba. Amma ka yaga takarda a gabanta, ta ji ƙarar, ko Hausa take ji ko Fillanci ko Larabcin Shuwa, ta riga ta san abin da ya faru.

Abin ma ya girmi karta. A wani littafi da Reginald Scot ya fitar a Ingila a 1584 don nuna cewa yawancin abin da ake kira maita rufa-ido ne kawai, akwai yadda ake ƙona zare a mayar da shi, da yadda ake yanka igiya biyu a haɗa. Daga baya aka koma kan hankici da jarida da takardar kuɗi. Kati dai ya fi daɗin sha'ani ne saboda yana shiga aljihu, kuma ana iya sa hannu a kansa.

Sa hannun nan shi ne zuciyar maganar. Ko yaron firamare da ya ga kati ya dawo zai ce maka biyu ne, ka ɓoye ɗaya. Kuma a tsohuwar hanyar, gaskiyarsa. Duk wahalar da masu wannan sana'a suka sha a kan toshe wa yaron nan baki ne. Farko suka ƙirƙiro maganar kusurwa: ka yayyaga katin, ka ba mai kallo guntu ɗaya ya riƙe kamar rasit, katin ya dawo da giɓi, ya ɗora guntunsa ya ga haƙoran yagar sun zauna daram. Sai aka zo ga sa hannu da alƙalami. Sai wani Bature ɗan Ingila, Guy Hollingworth, wanda daga baya ya zama lauya, ya fito a shekarun 1990 da nasa da ya kira Reformation: kati mai sa hannu, a yaga shi huɗu, a riƙa manna shi guntu bayan guntu ido na ganin ido. Ka nemi hotonsa a YouTube ka kalli yadda ba ya gaggawa ko kaɗan. David Copperfield, shahararren mai dabo na Amurka, shi kuma ta wata ƙofa ya shigo. A talabijin ya yaga katin hoton Honus Wagner, tsohon ɗan wasan besbol na Amurka, a gaban Wayne Gretzky, shahararren ɗan wasan hoki na kan ƙanƙara ɗan Kanada, wanda shi da abokin cinikinsa suka sayi irin katin nan dalar Amurka 451,000 a 1991. Ka ga a nan ba gwanintar yatsu aka sayar wa jama'a ba, faɗuwar gaba aka sayar musu.

Abin da na daɗe ban gane ba ke nan. Da ina sabon shiga, fyat-fyat nake yagawa don in kai ga wurin haɗawa, ina ganin can ne abin burgewa yake. Ashe baya na ba wa wasan. Yanzu nakan riƙe katin kusa da kunnen mai shi, in yaga a hankali har ya ji wannan ƙyaaat ɗin, in tsaya. In bar guntayen a fili, in ɗan kurɓi shayi. Sai na ga fuskarsa ta saki, ya haƙura da katin, sannan in soma. In bai yarda katin ya mutu ba, dawowarsa ba labari ba ce.

A ra'ayina na guntu-guntu ya fi kyau a ido, amma na fat ɗaya ya fi aminci a irin zamanmu. Wancan an gina shi ne don mutanen da ke zaune a gaba, kan kujeru. Mu kuwa a majalisa ake yi, wani a bayanka, wani ya leƙo ta kafaɗa, yara a ƙasa. Wani dare a unguwar Yelwa na haɗa guntu na biyu lafiya lau, manya sun yi tsit, sai wani yaro da ke zaune kan tabarma dab da gwiwata ya ɗago kai ya ce, "Baba, ga wani nan a bayan yatsunka." Aka kwashe da dariya, ni ma na taya su, me zan ce? Tun ranar, kafin in taɓa kwalin karta sai na duba inda yara suke, kuma in jingina bayana da bango.

Sai batun katin kansa. Na roba da ake sayarwa a kasuwa manta da shi, ba ya yaguwa, sai dai ya miƙe ya yi fari. Na takarda mai kyau, irin samfurin Bicycle, fallaye biyu ne aka manne da baƙin gam a tsakiya don kada haske ya ratsa. In ka yaga ka duba bakin za ka ga layin. Ka fara ninke shi ka danne da farce, yagar za ta bi layin ba ta karkace ba. Yanayinmu ma yana da nasa hukunci. Da hunturu katin yakan bushe ya lanƙwashe, ya tsage tun ba ka shirya ba. A Maris da Afrilu kuma, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, gumin tafin hannu yakan jiƙa guntun da ka ɓoye, launinsa ya sha bamban da 'yan uwansa. Ina ajiye hankici a cinya saboda haka. Don koyo kada ka taɓa sabon kwali. Je wurin masu buga karta a tasha ka roƙi wanda ya riga ya yi giɓi, kyauta ma za su ba ka. Ni na cinye fiye da kwali goma kafin in yarda in nuna wa kowa.

Wani abu da ba a koyar da shi a hotunan intanet: a nan, wannan dabo yana saurin jawo zargi fiye da sauran. Zaro kati kowa ya san wayo ne, amma haɗa abin da ya yage sai a fara raɗe-raɗin aljanu. Ni tun kafin in fara nake cewa, jama'a wannan saurin hannu ne, ba tsafi ba asiri, kuma ba na karɓar ko dala a kai, don kada a haɗa ni da 'yan caca. Duk da haka wata baiwar Allah ta taɓa biyo ni shago da takardar haihuwar ɗanta da ta rabe biyu, wai in taimaka. Na zaunar da ita na yi mata bayani, na ba ta salatif.

Kuma kada ka damu da layin ninki da ke saura a jikin katin bayan ya dawo. Da ina jin kunyarsa, ina ta gogewa da babban yatsa. Yanzu da shi nake miƙawa. Akwai direban babbar mota da ke bin hanyar Ngaundare zuwa Kusseri, na yi masa wasan shekara huɗu da suka wuce, na bar kusurwa ɗaya ban haɗa ba, na ce ƙarfina ya ƙare. Kwanan baya ya kawo ɗinkin sallah, ya buɗe walat zai biya, sai ga katin da sa hannunsa, ga ɗan guntun a naɗe cikin leda. Ya ce har yanzu in an tsaya cin abinci a Marwa yakan fito da su ya ɗora a kan tebur, a yi ta gardama. Ya tambaye ni ko zan ƙarasa masa kusurwar. Na ce ya dawo bayan sallah, aiki ya yi mini yawa.