Ku Tambayi Masu Zane: Sa wa Dodon Katun Ƙashi da Tsoka

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zana halittun katun, irin masu ƙaton kai da gajerun ƙafafu. In na so in mayar da ɗaya tamkar dabbar gaske sai in ƙara masa gashi da inuwa, amma kullum sai ya fito kamar 'yar tsana da aka lulluɓa wa fata. Ina gizo yake saƙar? *Mai karatu daga Zariya*

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Daga fata kake farawa, alhali aikin daga ƙashi yake tasowa.

Kafin komai, cika siffar katun ɗin da baƙi tun daga kai har wutsiya, ka ga abin da ya rage da ake gane shi da shi: ko tsinin kunne, ko lanƙwasar wutsiya, ko doron baya. Zaɓi alamomi uku, waɗannan ba a taɓa su. Sauran jiki duk ana iya sauyawa.

Sai ka zaɓi dabba ɗaya da za ta ba ka ƙwarangwal. Ɗaya tak. Kana iya aron kunnen yanyawa ko ƙayar beguwa daga baya, amma ƙashin baya da haƙarƙari da ƙugu su fito daga dabba guda. In ka haɗa gaban kura da bayan barewa da wuyan raƙumi, ido zai ga inda aka yi ɗinki. Ɗora takarda mai shara-shara a kan katun ɗin, ko ka buɗe sabuwar leya, wato shimfiɗar zane a kan ta farko, in da manhajar zane irin Krita ko Photoshop kake aiki, ka zana ƙoƙon kai, akwatin haƙarƙari da ƙugu a dunƙule, ka haɗa su da layin ƙashin baya. Kan da ya kai rabin jiki ka rage shi zuwa kashi ɗaya cikin uku ko huɗu, ka kaurara wuyan da zai ɗauke shi. Tsoka a leya ta biyu, manyan kawai: ta wuya, ta kafaɗa, ta cinya, ta muƙamuƙi. Fata da gashi su ne na ƙarshe, kuma ka bar wuraren da ƙashi ke turo fata su nuna, wato allon kafaɗa, gwiwar hannu, kan ƙugu da dunduniya. Rashin waɗannan tudun ne ke sa zanenka ya yi laushi ko'ina.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne ƙafar baya. Masu koyo da yawa suna ɗauka gwiwar kare ko akuya baya take lanƙwasa. Wannan gaɓar da ke kallon baya dunduniya ce ta ɗaga sama, domin kare a kan 'yan yatsu yake tafiya, akuya kuwa a kan kofato, wanda farce ne. Gwiwar gaskiya tana can sama kusa da ciki, gaba take kallo kamar tamu. Je wurin mahauci ka ɗauki ƙafar akuya da aka feɗe, ka lanƙwasa ta ka miƙe: ƙashin cinya gajere ne, a binne cikin nama, daga dunduniya zuwa ƙasa kuwa kusan babu tsoka, jijiya ce da ƙashi. Ka zana ta a lanƙwashe, ka zana ta a miƙe. Wannan ya fi maka hotuna hamsin na intanet.

Tambaya: Diragon nake zanawa, mai ƙafa huɗu da fukafukai biyu. Abokaina suna cewa fukafukan kamar da gam aka manna su. *Ɗalibin zane daga Kano*

Amsa: Gaskiya suka faɗa maka, kuma laifin ba duk naka ba ne. A cikin dabbobi masu ƙashin baya babu mai ƙafa huɗu da ƙarin fukafukai biyu. Fiffike hannu ne. Na jemage yatsu huɗu ne suka yi tsawo, fata ta shimfiɗu a tsakaninsu, babban yatsa ya rage da ƙumbarsa. Na tsuntsu gashi ne ya jeru a kan dantse da ragowar yatsu.

Hanya mai sauƙi ita ce ka cire ƙafafun gaba, fukafukan su zama hannayensa, ya riƙa dafa ƙasa da su a naɗe in zai yi tafiya. In kuwa ka nace sai ƙafa huɗu da fukafukai biyu, dole ka ƙera masa kafaɗa ta biyu. Tsawaita akwatin haƙarƙari, ka matsar da ƙafafun gaba ƙasa da gaba, ka sa allon kafaɗar fiffike a bayansu ta sama. Sannan ƙirji. Duba kaza da aka fige: wannan tudun ƙashi da ya tsaya a tsakiyar ƙirjinta shi ne maɗaurin tsokar da ke jan fiffike ƙasa. Diragon mai siririn ƙirji ba zai tashi ba, kuma ko wanda bai san dalili ba zai ji wani abu bai yi daidai ba.

Fatar fiffiken ma kada ta tsaya a hammata. Ta bi gefen jiki har ƙugu ko cinya, kamar ta jemage, in ba haka ba babu faɗin da zai riƙe iska.

Akwai kuma lissafin girma, wanda masanin kimiyya Galileo ya bayyana tun 1638: in ka ninka tsawon dabba sau biyu, nauyinta sau takwas yake ƙaruwa, ƙarfin ƙashinta kuwa sau huɗu kacal. Shi ya sa ƙafar giwa take tsaye cak a ƙarƙashinta, ta ƙadangare kuma take baje a gefe. Ba za ka kumbura ƙadangare ya kai gida ka bar masa ƙafafunsa ba. Mafi girman masu tashi da aka tono ƙasusuwansu, irin su Quetzalcoatlus, faɗin fukafukansu wajen mita 10 ne, kuma ƙasusuwansu holoƙo ne.

Tambaya: In na ƙanƙanta idanun halittata don su yi kama da na dabba sai kyanta ya tafi, in na bar su manya kuma sai ta zama abar tsoro. *Wata mai karatu daga Maraɗi*

Amsa: Malama, manyan kamfanoni ma sun faɗa wannan ramin. Da aka saki tallar fim ɗin Sonic, wata halittar katun, a Afrilun 2019, aka nuna shi da ƙananan idanu da haƙora irin na mutum, masu kallo suka yi caa, har aka ɗage fim ɗin daga Nuwamba 2019 zuwa Fabrairun 2020 aka sake fasalinsa.

Ki bar idon da girmansa, amma ki ba shi dalili. Manyan idanu na dabbobin dare ne, don haka ki aro ginin fuskar mujiya: ramin ido mai zurfi, ƙashin gira da ya yi masa rumfa. Idon mujiya ba ya juyawa a raminsa, kai take juyawa har digiri 270, saboda ƙasusuwan wuyanta 14 ne, na kyanwa kuwa 7, kamar na raƙumin dawa. Kin ga ido ya jawo miki irin wuyan da za ki zana.

Abin da ke kawo tsoron galibi farin ido ne. Mutum ne farin idonsa ke fitowa sosai, a yawancin dabbobi ɗan kaɗan ake gani a kusurwa. Ki faɗaɗa ƙwayar ta kusa cika ramin, ki sa wa fatar ido kauri, da ɗan layin danshi a ƙasa, da ɗigon haske ɗaya. Dabba mai farauta idanunta gaba suke, mai cin ciyawa a gefe. Baƙin idon akuya a kwance yake, na kyanwa a tsaye, na zaki kewayayye. Haƙoran mutum kuwa kada ki kuskura.

Tambaya: Halittata tana fitar da lantarki daga kumatu. Akwai dabbar da zan kwaikwaya? *Mai karatu daga Yawuri*

Amsa: Tana nan a kogin garinku: minjirya. Gaɓar lantarkinta daga tsoka ta samo asali, kuma a ƙarƙashin fata take, ta naɗe kusan dukkan jikin, shi ya sa kifin yake dunƙulalle; kuma suɓul yake, babu ɓawo. Sai ka kumbura kumatun da irin wannan naman, ka rage gashin wurin, ka ja kaurin ya gangara wuya zuwa kafaɗa. In feshi kake so, dubi gamsheƙa: ƙullin dafinta a bayan ido yake, tsoka ke matse shi, dafin ya fita ta ƙofar da ke gaban fiƙa ya kai wajen mita 2. Ƙullin da tsokar su ne za ka nuna a gefen kai, a bayan ido kaɗan, sama da kusurwar baki.