Amsa ga ƙanena kan girman fiffiken gaba na win foyil

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Ƙanena, na ji muryarka tun da la'asar, ina kan hanyar dawowa daga Birnin Kebbi ne shi ya sa ban amsa ba. Ka ce nauyinka kilo 85, ka ga fiffiken gaba na gwanjo a intanet mai lamba 1100, kuɗinsa da sauƙi, kuma kana son fara koyo a ruwanmu na Yawuri da hunturun bana. Ka saya ko ka bari?

Ka bari. Don Allah ka bari, ba naka ba ne yanzu.

Ga waɗanda ba su san wasan win foyil ba: allo ne kake tsayawa a kai, ƙarƙashinsa akwai sanda da ta nutse cikin ruwa, a ƙarshen sandar fikafikai biyu irin na jirgin sama, babba a gaba, ƙarami a baya. A hannunka kuma fiffiken iska ne da ake hurawa da famfo. Iska ta ja ka, fiffiken gaba ya ɗaga allon sama da ruwa.

To, lambar nan 1100 faɗin fiffiken ce a murabba'in santimita. Ƙarfin ɗagawa kuwa abu biyu ke kawo shi, faɗi da gudu, kuma gudun ya fi tasiri: in ka ninka gudu sau biyu, ɗagawa ta ninku sau huɗu. Shi ya sa gwani yake tashi da ƙaramin fiffike, ya san yadda zai nemo gudun da hannu da ƙafa. Kai fa? Makon farko a durƙushe za ka yi shi, gwiwa na rawa, allo na tafiya kamar kwalekwalen da ya ɗauko buhunan shinkafa. Gudun da babu shi, faɗi ne zai cike maka gurbinsa.

Da idona na gani a Dahab, can Masar, inda na koya. Wani saurayi mai jiki irin naka ya zo da ƙaramin fiffike nasa na kansa. Kwana huɗu yana fama, hannuwansa duk kanta, allon ko sau ɗaya bai bar ruwa ba, har ya fara cewa wasan ba nasa ba ne. Malaminmu ya kwance masa, ya ɗaura mai 2000. Kafin azahar sai muka ji ƙarar ruwan da ke dukan allonsa ta ɗauke ɗif. Ya tashi! Har yau ina tuna fuskarsa.

Abin da zan ce maka: mai kilo 60 zuwa 70 ya nemi wajen 1500 zuwa 1700. Irinka, 80 zuwa 90, ka nemi 1900 ko 2000. Wanda ya haura 95 ya duba 2200 zuwa sama. Kuma in kana tsakanin biyu, a nan wurinmu ɗauki babban. Ruwan Kwara ruwan daɗi ne, lita ɗaya giram 1000, na teku wajen 1025, saboda haka namu bai kai shi riƙe mutum ba. Bambancin kaɗan ne, amma ka haɗa da iskar hunturu da ke zuwa ta buga ta lafa, sai ka ga kana bukatar fiffiken da ba ya sakin ka da zarar iska ta rage ƙarfi. Sai dai kar ka ce tunda haka ne bari in ɗauko 2500. Iska na bugowa zai cilla ka sama, fiffiken ya leƙo waje, allo ya kifa da kai ta hanci.

Sannan siffa, kana ji na? Wannan shi ne wurin da hoto ke ruɗin mutane. Akwai mai faɗi da kauri kamar faifai, akwai siriri kamar takobi. Dukansu za su iya yin santimita 100 daga baki zuwa baki. Don ka gane siffar, ka ninka tsawon nan 100 sau 100, ka raba da lambar faɗin. Mai 2000 zai ba ka 5, naka mai 1100 zai ba ka wajen 9. Mai koyo 5 ko 6 yake so. Mai 9 yana da daɗin zamewa, amma da gudu ya ragu sai ya sake ka ba sallama.

Kuma ka tambayi mai sayarwa kamfanin. Fiffiken Axis ba ya hawa jikin na Duotone ko F-One, kowa da irin mahaɗinsa da kusoshinsa. Gara ka sayi saitin gaba ɗaya. Allo kuma, da lita ake auna girmansa, ka nemi mai lita 120 zuwa 125, wato nauyinka da ƙarin 35 ko 40.

Tsawon sandar kuwa, ka tsaya a santimita 60 zuwa 70. Kun dai san tun da aka tare Kainji a 1968 akwai kututtura a ƙarƙashin ruwan nan, ga taru, ga mamari, ga kainuwa da ke naɗewa a sanda. Kafin ka jiƙa ƙafa ka je wurin iyayenmu Sarkawa ka gaishe su, su nuna maka inda ke da zurfi da inda dorina ke kwanciya. Ka sa rigar kariya da hular kwano, domin bakin fiffiken nan yana yanka, kuma a samu mai jirgi kusa da kai.

In ka ga wani fiffiken, ka juya bayansa, galibi lambar tana rubuce a jiki. Ɗauko hotonta ka turo mini kafin ka tura wa kowa ko kwabo. Sai da safe.