Mun sabunta MediaWiki, shafi ya koma fari fat

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu a unguwar Zariya, Maradi, tana tattara karin magana a wiki. Mun ɗaga MediaWiki, manhajar da wikin ke gudana a kanta, daga 1.39 zuwa 1.43, muka kwafo tsohuwar jakar extensions kacokan muka zuba a sabuwar. Yanzu ba abin da ke fitowa sai farin shafi. Ina mafita?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kwafo jakar nan shi ne tushen matsalar. Kowane ƙarin manhaja (extension) an ɗinka shi ne daidai da jikin injin da aka yi shi dominsa, wato MediaWiki ɗin kansa. In injin ya sauya, aka cire wani aiki da ƙarin yake kira, sai PHP, yaren da aka rubuta MediaWiki da shi, ta tsaya cik.

Kafin ku taɓa komai, ku adana kwafin rumbun bayanai ta hanyar umarnin mysqldump, da jakar images, da fayil ɗin saituna LocalSettings.php. Sannan ku ƙara wannan layi a ƙarshen LocalSettings.php: $wgShowExceptionDetails = true; galibi zai faɗi sunan fayil ɗin da ya jawo tsaikon. Ku duba PHP kuma, don 1.43 ba ta aiki da abin da ya gaza 8.1.

Daga nan ku sa alamar # a gaban kowane layin wfLoadExtension da ke cikin LocalSettings.php, don kashe ƙarin duka. In wikin ya farfaɗo, to injin lafiyarsa lau. Ku sauko da kowane ƙari daga mediawiki.org, ku zaɓi reshen REL1_43. Kada ku ɗauki master, don an yi shi ne domin injin da bai fito ba tukuna. Waɗanda suka zo tare da injin, irin su Cite da ParserFunctions, ku bar sababbin a wurinsu. Ku riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya ta hanyar cire alamar #, kuna buɗe Special:Version, shafin da ke jera ƙarin da ke aiki, kowane karo. Abin yana cin lokaci, amma mai kunna goma a tare bai san wanda ya yi ɓarnar ba.

Wasu ƙarin suna da teburansu a rumbu, don haka ku gudanar da umarnin php maintenance/run.php update domin sabunta teburan. In sabar a ofishinku take, ku haɗa ta da batiri tukuna, kada wuta ta ɗauke ana tsakiyar gyaran tebur.

Ƙarin da har yau da require_once ake loda shi, ba shi da fayil ɗin extension.json da aka fara amfani da shi tun MediaWiki 1.25, alama ce masu shi sun daɗe da barinsa. Shawararmu ku nemi madadinsa. In komai ya daidaita, ku goge layin nuna kuskuren nan, kada baƙi su ga cikin sabarku.