Kalmomin sayarwa a Matiyu 13: shin ɗan kasuwar lu'ulu'u ya sayar da kansa ne?

Tambaya: Malam, ina koyarwa a makarantar Lahadi. Na ji wani mai wa'azi ya ce a Girkanci, mutumin da ya tsinci dukiya a gona (Matiyu 13:44) ciniki kawai ya yi, amma ɗan kasuwar lu'ulu'u (aya 46) kansa ya sayar kamar bawa, domin kalmar da aka yi amfani da ita daban ce. Haka ne? Ina so in tabbatar kafin in koya wa yara.

Amsa: Malama, rabin zancen gaskiya ne. Kalmomin sun bambanta: a aya 44 Matiyu ya rubuta "polei", daga poleo, a aya 46 kuma "pepraken", daga piprasko. Amma ginin da mai wa'azin ya ɗora a kai ba shi da tushe. Ayar da kanta ta faɗi abin da ɗan kasuwar ya sayar: duk abin da ya mallaka. Shi ma mai gonar haka. Babu wanda ya sa kansa a kasuwa.

Poleo ita ce kalmar yau da kullum, ta fito wajen sau 22 a Sabon Alkawari. Ita ake amfani da ita ga masu sayar da tattabarai a Haikali, da masu sayar da mai a labarin 'yan mata goma, da naman mahauta a 1 Korantiyawa 10:25, har da gwarare biyu da ake sayarwa kan ƙaramin tsaba a Matiyu 10:29. To in da ita kalmar ƙaramin ciniki ce kawai, me za a ce da Markus 10:21, inda Yesu ya ce wa mai arzikin nan ya sayar da duk abin da yake da shi? Poleo ce a can, kuma ba a taɓa neman sadaukarwa da ta fi wannan nauyi ba.

Piprasko ta fito sau 9 ne. Na san inda zancen bauta ya samo asali. A Matiyu 18:25 sarki ya ba da umarni a sayar da bawan da ya kasa biyan bashi, da matarsa da 'ya'yansa. A Romawa 7:14 Bulus ya ce an sayar da shi ƙarƙashin zunubi. Sai dai kalmar nan ce kuma Yahuza ya yi amfani da ita a Yohanna 12:5, da yake gunagunin don me ba a sayar da man ƙanshi dinari 300 ba. Tulun turare ai ba ya shiga bauta.

Abin da ya raba su galibi nahawu ne. Tun a Girkancin mutanen Atina, aikatau na sayarwa ba shi da jijiya ɗaya. In ana cikin sayarwa, poleo. In an riga an sayar, ko kuma kayan ne ake zancensu ba mai sayarwar ba, sai a ɗauko sigogin piprasko. Akwai ma ta uku, apodidomai. Kamar yadda muke kiran yaro mu ce "yaka", amma ba ma cewa "jiya ya yaka", sai "ya zo". Bakwai daga cikin wurare taran nan da piprasko ta fito, abin da aka sayar ne ake magana a kansa. Shi ya sa bawa da turare suka haɗu a kalma ɗaya. A aya 44 Matiyu na ba da labari kamar yanzu abin yake faruwa, yana tafiya, yana sayarwa, yana saye. A aya 46 ya koma ga abin da ya wuce.

Hujjar da ta fi gamsar da ni tana Ayyukan Manzanni 5. Fili ɗaya ne Hananiya da Safiratu suka sayar, sau ɗaya. Luka ya sa poleo a aya 1, piprasko a bakin Bitrus a aya 4, apodidomai a aya 8. Ciniki ɗaya, kalma uku. Ita ta ukun ce kuma aka sa wa sayar da Yusufu zuwa Masar (7:9), wanda shi ne ainihin cinikin bawa, da Isuwa da ya sayar da matsayinsa na ɗan fari (Ibraniyawa 12:16).

Nauyin Romawa 7:14 yana nan daram, amma daga "ƙarƙashin zunubi" yake zuwa, da kuma Tsohon Alkawari da Bulus ya sani: Ishaya 50:1, inda aka sayar da jama'a saboda laifofinsu, da Ahab wanda Iliya ya ce ya sayar da kansa ga aikata mugunta.

Ga yaranki kuwa, akwai bambanci na gaske tsakanin mutanen biyu, kuma ana ganinsa ko a Hausa: ɗaya tuntuɓe ya yi da dukiyar, ɗayan nemanta yake yi. Wannan za ki iya koyarwa ba fargaba.