Me ya sa bindigar M16 ta sojojin Amurka ta riƙa cijewa a yaƙin Biyetnam?

Ka tambaya ko ƙirar M16 ce ta lalace tun asali. A'a, yawancin laifin na waɗanda suka gaggauta raba ta ne.

Eugene Stoner ya ƙera ta yadda hayaƙin harbi ke bin siririn bututu ya koma cikin bindigar ya tura ƙarfen da ke zaro kwanso. Don haka irin albarushin da ke cikin harsashi ba abin wasa ba ne. A 1964 aka sauya albarushin IMR 4475 da wani mai suna WC846, wanda ya fi barin dauɗa, ya kuma ƙara saurin harbi fiye da yadda aka tsara.

Ga kuma ramin da harsashi ke zama ba a shafe shi da kurom, ƙarfen da ke hana tsatsa, ba. Danshin dajin Biyetnam ya sa shi tsatsa, kwanso ya manne, ƙugiyar zarowa ta yage bakinsa ta bar shi ciki. Sai soja ya zura sanda ta bakin bindiga ya turo shi, ana tsakiyar wuta. Abin takaicin, an raba ta ba isassun kayan gogewa.

Kwamitin Ichord na majalisar Amurka ya bankaɗo wannan a 1967. Aka shafa kurom, aka sa wa bindigar abin rage saurin harbi mai ƙarin nauyi, aka raba burushi da mai, cijewar ta ragu sosai.