Ƙanina ya ce zai haɗa nasa addinin, Buda ne hujjarsa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye tsakanin Birnin Kudu da Gwaram. Ƙanina ya dawo hutu daga makaranta da wata magana da ta hana ni barci. Wai duk addinai mutane ne suka tsara su, shi ma in ya ga dama sai ya ɗebi zaman tunani daga addinin Buda, yafiya daga Kiristanci, zakka daga Musulunci, ya haɗa nasa. Hujjarsa ita ce Buda mutum ne kamar kowa, bai ce an aiko shi ba, ga shi miliyoyi na binsa. Bai daina salla ba, kuma ban faɗa wa Baba ba tukuna. Wane ne Buda? Ana iya ƙirƙirar addini haka kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya saka da alheri da ka tsaya tambaya kafin ka ɗauki mataki. Rabin abin da ƙaninka ya faɗa game da Buda gaskiya ne, kuma in ka musanta wannan rabin zai daina sauraronka a kan sauran. Don haka mu fara da sanin mutumin.

Sunansa Siddhartha Gautama, ɗan gidan sarautar ƙabilar Shakya, an haife shi a Lumbini da ke ƙasar Nepal a yau, kimanin ƙarni biyar kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Mabiyansa sun ruwaito cewa yana da shekara 29 ya bar gida da matarsa da ɗansa, bayan da ya ga tsoho da majiyyaci da gawa, abin ya tsaya masa a rai. Ya yi shekara shida yana azabtar da jikinsa da yunwa, ya ga ba ta ɓulle ba, ya watsar. Yana da 35 ya zauna ƙarƙashin wata bishiya dangin ɓaure a Bodh Gaya, ya tashi yana cewa ya gano tushen wahala da maganinta. Ya fara wa'azi a Sarnath kusa da Baranasi, ga mutum biyar, ya rasu yana da shekara 80 a Kushinagar.

Koyarwarsa ta tsaya a kan abu huɗu: rayuwa cike take da wahala, kwaɗayi da ƙishirwar zuciya ne ke haifar da ita, ana iya kashe wannan ƙishirwa, kuma akwai hanya mai rassa takwas da ke kai wa ga hakan. Ya hana mabiyansa kisa, sata, zina, ƙarya da kayan maye. Musulmi in ya ji wannan zai ce ai kusa muke. Amma a gindin magana akwai tazara mai nisa. Buda bai koyar da Mahalicci ba. Bai yarda akwai rai tabbatacce da ke cikin mutum ba. A wurinsa mutum yana mutuwa ana sake haihuwarsa gwargwadon aikinsa, sau ba adadi, kuma babban buri shi ne fita daga wannan zagaye gaba ɗaya, abin da suke kira nirbana.

To ga inda hujjar ƙaninka ta karye. Buda bai taɓa cewa ya zauna ya tsara addini ba. A cikin littattafansu ya kwatanta kansa da matafiyi a daji da ya ci karo da tsohuwar hanya da mutanen zamanin baya suka bi, ya bi ta har ya isa wani tsohon birni. Wato da'awarsa ita ce ya gano gaskiyar da ke nan tun kafin shi. Maganar sake haihuwa da sakamakon aiki ma ba shi ya fara ta ba, ya tarar da ita a Indiya ta zamaninsa. Kuma abin da ya raya tafarkinsa ba daɗin ra'ayi ba ne kawai. Ya kafa jama'ar sufaye, wato masu gudun duniya, masu tsauraran dokoki, 227 ga maza a mazhabar da ake bi a Tailan da Siri Lanka. Har gobe a can, da gari ya waye za ka ga sufi ba takalmi, kai a aske, da ƙwarya a hannu, yana bin layi shiru, matan unguwa suna durƙusawa suna zuba masa shinkafa, kuma da rana ta yi tsaka ya rufe cin abinci sai gobe. Waɗannan sufaye ne suka riƙe koyarwar da hadda ɗaruruwan shekaru kafin a rubuta ta a Siri Lanka a ƙarni na ɗaya kafin Annabi Isa. Tun kafin a rubuta ta ma, sarki Ashoka na Indiya, bayan ɓarnar jinin da ya gani a yaƙin Kalinga, ya ɗaure wa koyarwar gindi, ya sa aka sassaƙa umarninsa a jikin duwatsu, ya tura masu wa'azi ƙasashe.

Waɗanda suka yi ainihin abin da ƙaninka ke faɗa, wato tsince-tsince da gangan, tarihi ya san su, kuma sun fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Sarki Akbar na daular Mughal a Indiya ya gina zauren muhawara a Fatehpur Sikri a 1575, yana tara malaman Musulunci da na Hindu da na Majusawa da limaman Kirista daga Goa suna kwana suna jayayya a gabansa. A 1582 ya fito da abin da aka sani da Din-i Ilahi. Masana na saɓani ko addini ne cikakke ko kuwa da'irar almajiran sarki ce, amma ba sa saɓani a kan ƙarshensa: 'yan fada kaɗan ne suka shiga, babban kwamandansa Man Singh ya ƙi, kuma da sarkin ya rasu a 1605 abin ya bi shi. A Faransa, Auguste Comte ya tsara addinin bautar ɗan Adam ba Allah a ciki, har da kalanda mai wata 13, kowane wata da sunan wani babban mutum. Ya mutu a 1857, kuma yau in ban da 'yan tsiraru a Barazil ba mai yinsa.

Zai iya ce maka ai akwai sababbin da suka rayu, kamar Mormon da ya faro a Amurka a 1830, ko Cao Dai na Biyetnam a 1926, wanda ya haɗa Buda da Annabi Isa da wasu a wuri ɗaya. Haka ne. Sai dai duk waɗanda suka kafa su saƙo daga sama suka yi da'awa. Ba wanda ya tsaya gaban jama'a ya ce ni na ƙaga, ku bi. Mutum ba ya azumi, ba ya ba da dukiyarsa, ba ya binne ɗansa da haƙuri saboda abin da ya san shi ya ƙirƙira da daren jiya. Kuma mu nan ba sai an ba mu labarin inda irin wannan da'awa ke kaiwa ba idan ta sami mabiya masu zafin kai. Dattawan Kano sun ga Disambar 1980 a 'Yan Awaki, inda rikicin Maitatsine ya ci rayuka sama da 4,000.

Abin da ya fi damuna da shirin ƙaninka shi ne bai lura cewa kowane abu da yake son ɗauka yana da saiwa ba. Zakka tana tsaye ne a kan cewa dukiya ta Allah ce kuma akwai ranar hisabi. Yafiyar da Kirista ke wa'azi tana rataye da imaninsa da gicciye Annabi Isa, wanda Alƙur'ani ya kore. Zaman tunanin Buda an gina shi ne don mutum ya gane babu wani rai tabbatacce da za a tashe shi. Wanda ya ɗaure zangarniyar gero da ta dawa da goyon masara a kara ɗaya ya sami dami mai kyan gani, amma ba abin da zai tsiro.

A matsayina na Musulmi ba na ɓoye matsayata: Allah ya ce ya cika addini a aya ta 3 ta Suratul Ma'ida, ya kuma rufe annabci a aya ta 40 ta Suratul Ahzab. Amma karanta addinan wasu ba laifi ba ne, malamanmu sun riga mu. Biruni ya koyi harshen Sanskirit don ya rubuta littafinsa kan Indiya, Shahrastani kuma ya kawo bayanin mabiya Buda a cikin Al-Milal wan Nihal. Aya ta 108 ta Suratul An'am ta hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa, don haka kar ka shiga zagin Buda a gabansa.

Kar ka kai maganar wurin Baba yanzu, kuma kar ta fita majalisa ko bakin masallaci. A ƙauye in aka liƙa wa yaro suna, har auren ƙannensa sai ya taɓa. Yaron da ke salla yana tambaya bai bar gida ba. Ka ja shi gona ko ku zauna bayan isha ku biyu, ka tambaye shi a natse: a wannan addini nasa, me ke faruwa da mutum bayan mutuwa, tashi ɗaya ne ko haihuwa bayan haihuwa? Ranar da ya cika, wa zai yi masa wanka, wa zai haƙa kabari, me za a karanta a sahu? In son ransa ya ci karo da dokar da shi ya rubuta, wa zai hana shi goge ta? Ka bar shi ya amsa, ko da zai ɗauki kwanaki. In natsuwar zuciya yake nema a zaman tunani, nuna masa abin da Imam Gazali ya rubuta kan tafakkuri da muraƙaba a cikin Ihya, ku karanta tare. Kafin hutu ya ƙare ka samo masa malami mai haƙuri wanda ba ya jin tsoron tambaya, ka raka shi da kanka zama na farko.