Lallen amarya: yadda ake lissafin kuɗinsa da yadda ake zaɓen mai zane

Assalamu alaikum. Bukin ɗiyata saura mako biyar. Na tambayi masu lalle uku. Ta farko ta faɗi kuɗinta, ta biyu ta ninka shi, ta uku ta ce sai ta ga amarya tukuna. Wacce ce ke neman cutata? Uwar amarya, Mabera, Sakkwato.

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya. Mai yiwuwa babu mai cutarki a cikinsu, domin ba aiki ɗaya suka yi wa kuɗi ba. Ta ukun ma ita ta fi kusa da gaskiya. "Lallen amarya" suna ne kawai. Abin da ake saye shi ne faɗin fatar da za a rufe da awoyin da mai zane za ta yi a duƙe.

Kafin ki sake kiran kowa, ku zauna ke da amarya ku yanke iyaka. A hannu, zanen zai tsaya a wuyan hannu ne, ko gwiwar hannu, ko zai haura damtse? Baya kaɗai, ko ciki da baya? A ƙafa, idon sawu, ko tsakiyar ƙwauri, ko har gwiwa? Sai kuma cikar zanen, kuma nan ne kuɗi ke ɓuya. Manyan furanni masu fili a tsakaninsu, hannu biyu zuwa gwiwar hannu da ƙafa zuwa tsakiyar ƙwauri, gwana kan gama su cikin awa 2 zuwa 3. Wannan faɗin dai, idan aka ce a cike shi da ƙananan zane irin na Indiya, mai kama da saƙar leshi, zai ci awa 5 zuwa 7. Idan kuma da jan ƙunshi na salatif a tafin hannu da tafin ƙafa, wannan wani zama ne daban: a yanka salatif, a manna, a shafa lalle, a ɗaure da leda, a jira.

Ga hanyar lissafi da ba ta cika kuskure ba. Ki tambayi kowacce nawa take zana bayan hannu ɗaya zuwa wuyan hannu, da irin zanen da kuka zaɓa. Ki ɗauki wannan a matsayin mudu ɗaya. Daga yatsu zuwa gwiwar hannu, gefe ɗaya, kamar mudu 3 ne. Ciki da baya 6. Hannu biyu 12. Kowace ƙafa zuwa tsakiyar ƙwauri mudu 3, biyu 6. Jimilla 18. A matsayin misali kawai, idan mudunta naira 1,000 ne, aikin ya kama 18,000. Ki ɗora kashi ɗaya cikin huɗu zuwa rabi a kai, domin ranar amarya mai lalle kan sallami sauran masu zuwa, kuma ba a yi wa amarya aikin gaggawa. Idan kuɗin da ta faɗa ya faɗo kusa da wannan, ba ta zarce ba. Idan ya yi ƙasa sosai, to akwai abin da za a rage: ko cikar zanen, ko ingancin kayan haɗi, ko kuma yaranta ne za su yi rabin aikin.

Akwai abubuwan da ba sa shiga bakin ciniki sai ranar biya. Kuɗin Keke ko kabu-kabu idan ita za ta zo gida, wanda daga Runjin Sambo zuwa Mabera ba ɗaya ba ne da zuwa Bodinga ko Gwadabawa. Kayan aiki, nata ne ko ku za ku saya. Babbar rigima kuwa ƙawaye ne da 'yan uwa masu "a ɗan ɗiga mini a yatsa". Mutum goma sha biyar masu ɗan ɗigo sun cinye yini guda. Ki ƙidaya kawunan da za ki biya wa, a yanke kuɗin kowane kai, wadda ba ta cikin lissafi ta biya da kanta.

Kafin alƙalami kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi, sauran bayan an gama. A rubuta komai a saƙon WhatsApp: rana, lokaci, iyakar zane, hoton samfuri, yawan mutane. Idan bukin ya faɗo cikin Sha'aban, lokacin da ake rige-rigen ɗaura aure kafin azumi, ko makon Sallah, ki kama rana da wuri, kuma kada ki yi mamaki in kuɗin ya ɗaga.

Na ga wata a Instagram, hotunanta sun yi kyau ƙwarai. Ya isa in ba ta aikin? Amarya mai jiran gado, Arkilla.

Bai isa ba, amarya. Hoto ana ɗauko shi daga ko'ina, kuma ko nata ne, yawanci ana ɗaukarsa ne lalle na jiƙe a kan fata, lokacin da kowane zane ke sheƙi. Abin da ke gabanki shi ne yadda zai kasance bayan an kankare. Ki ce ta nuna miki hoton aikinta na kwana biyu da na mako guda. Wanda ya fi wannan, ki ga hannun wata da ta yi wa, ido da ido. A Sakkwato ba a rasa wadda ta san wadda aka yi wa.

Sannan ki biya a yi miki gwaji a bayan hannu ɗaya, mako uku kafin buki, yadda zai goge kafin ranar. Ki lura da kaurin layi: na gwana yana tafiya bai ɗaya, ba ya katsewa, ba ya yin gudaji inda ta ɗaga hannu. Ki lura ko layukan da ke kusa da juna sun haɗe bayan an wanke, domin wannan alamar kwaɓin ya yi ruwa ne ko bakin ledar da ake matso lallen ya yi faɗi. Ki ce ta maimaita fure ɗaya sau biyu ki ga ko sun yi kama, tunda hannun dama da na hagu dole su amsa juna a hoto.

Tambayoyi biyu kada ki ji nauyin yinsu. Amare nawa ta karɓa a ranar? Wadda ta karɓi uku, ta ƙarshe ce ke samun gajiyayyen hannu. Kuma me ke cikin kwaɓinta? Ki shinshina. Lalle na gaskiya yana ƙamshin ganye da ƙasa, launinsa kore mai duhu zuwa ruwan ƙasa. Idan kin ji warin kalanzir ko fetur ko man rina gashi, ki janye hannunki. Mai lalle da ta san aikinta ba ta jin haushin wannan tambaya.

An yi wa ƙanwata baƙin lalle a Sallar da ta wuce. Bayan mako guda wurin ya kumbura, ƙuraje suka bi zanen tsaf, har yanzu da tabo. Ga aurenta ya zo, ta nace baƙi take so. Ko a canza mai lalle ne? Yayarta, Gawon Nama.

Canza mai lalle ba zai yi magani ba. Ki hana ta, ko da za ta yi fushi da ke har bayan buki.

Ganyen lalle ba ya ba da baƙi. Sinadarin da ke cikinsa yana kama fatar sama ne ya ba da ruwan lemo, sannan ya nuna zuwa ja mai duhu cikin kwana biyu. Baƙin da ke kamawa cikin minti 20 ko 30, wanda ake kira dayis, yawancinsa rinin gashi ne mai ɗauke da sinadarin PPD, sau da yawa a kwaɓa shi da ruwan haidirojin (hydrogen peroxide). A ƙasashen Tarayyar Turai ba a yarda PPD ya wuce kashi 2 cikin 100 a rinin gashi ba bayan an haɗa, kuma ba a yarda a zana shi a fata ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ma ba ta amince a sa shi a fata ba. A kwaɓin zane kuwa babu mai aunawa.

Abin da ya sami ƙanwarki yana da tsari sananne. A karon farko jiki kan ɗauki kwana 4 zuwa 14 kafin ya nuna ƙin sinadarin, shi ya sa mutane ba sa danganta ƙurajen da lallen. Da zarar jiki ya gane shi, ba ya mantawa har ƙarshen rayuwa. Karo na biyu yana zuwa cikin kwana ɗaya zuwa uku, kuma ya fi muni: ƙaiƙayi, bororo mai ruwa, kumburi. Ki lissafa: a zana mata ranar Alhamis, ranar Asabar tana zaune gaban jama'a da hannu a kumbure daga yatsu zuwa gwiwa. A fata irin tamu wurin kan bar tabo baƙi ko fari mai siffar furen na watanni. Ta kuma kiyayi baƙin rinin gashi, domin sinadarin ɗaya ne, kuma a kai yana iya kumbura fuska da idanu.

Kada a ce za a ɗan gwada mata a bayan kunne a gani. Jikinta ya riga ya ba da amsa. Ga waɗanda ba su taɓa yi ba ma, gwajin bai zama kariya ba, tunda shi kansa yana iya zama haɗuwar farko da za ta sa jiki ya ƙi sinadarin.

Mafita ita ce jan lalle mai kyau da aka bari ya daɗe, wanda a tafin hannu da yatsu yakan yi duhu har ya kusa baƙi. Game da tabon, ta ga likitan fata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko wani asibiti na kusa, ta kuma nisanci man bilicin da za a ce zai goge shi. Duk wadda ta ga kumburi bayan dayis, ta wanke wurin da ruwa da sabulu, kada ta fasa bororon, ta nufi asibiti. Idan fuska ta kumbura ko numfashi ya yi wuya, a tafi nan take.

Kullum lallena ba ya kamawa, sai ya tsaya ruwan lemo. Yaushe ya kamata a yi na buki? Wata ɗaliba, Gidan Igwai.

Kwana biyu kafin ranar da kike so ya fi kyau, kuma bayan an gama dilka da halawa. Duk abin da ke murje fata yana tafiya da launin, don haka gyaran jiki ne farko, lalle ne ƙarshe. Ranar zane kada ki shafa mai ko kaɗan.

Rashin kamawa yawanci daga ɗayan uku ne. Garin ya tsufa: ki sayi mai kore, sabon niƙa, a tankaɗe shi da ƙyalle mai laushi sau biyu. Ko ba a bar kwaɓin ya tsumu ba: giram 100 na gari, da ruwan lemun tsami ko ruwa, da sukari cokali biyu, a rufe a ajiye har samansa ya yi duhu. Da zafin Afrilu na Sakkwato 'yan awoyi sun isa, da hunturu sai ya kwana. Wannan adadin yana isar amarya ɗaya har ya ragu. Ko kuma an cire da wuri: a bar shi awa 4 zuwa 8. Da hunturu yana saurin bushewa ya zube, sai a riƙa ɗiga masa ruwan lemun tsami da sukari da auduga. A kankare shi a bushe, a shafa man zaitun ko man kaɗe, a rage taɓa ruwa a yinin farko gwargwadon iko. Launin da ya rage a fata ba ya hana alwala, busasshen kwaɓin ne ke tare ruwa.

Za a yi sunan jaririyarmu, kakarta na so a sa mata lalle a tafin ƙafa. Wani uba, Tudun Wada.

Malam, ka ba Inna haƙuri cikin ladabi. Akwai ƙarancin sinadarin G6PD da ake gado, wanda ya yawaita a Najeriya, musamman ga maza amma har da mata. Jaririn da ke da shi, lalle na iya farfasa masa jajayen ƙwayoyin jini, ya jawo shawara da ƙarancin jini mai haɗari, kuma ba a gane mai shi da ido. A yi wa mai jego, a bar jaririya.

Na zauna Legas, na ga abokaina da zanen allura wanda ba ya fita. Ina sha'awar babba a kafaɗa zuwa baya. Nawa zai ci? Wani matashi, Minanata.

Ɗan'uwa, kafin kuɗi akwai hukunci. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mai yin wannan zane da mai neman a yi masa. Shawararmu ita ce kada ka yi.

Ga kuma lissafin da abokanka ba lallai su faɗa maka ba. Allurar tana cusa tawada ne zurfin milimita 1 zuwa 2, ƙarƙashin fatar da ke saɓulewa, shi ya sa ba ya fita. Babban zane ba a gama shi a zama ɗaya. Ana biya ne bisa awa ko bisa zama, da hutun makonni tsakani don fata ta warke, don haka kuɗin da aka faɗa maka a farko ba kasafai yake zama na ƙarshe ba. Allura ko tawadar da aka yi wa wani amfani da ita na ɗaukar ciwon hanta nau'in B da C da ƙanjamau. Kafaɗa da ƙirji da saman baya, daidai inda kake so, su ne wuraren da tabo mai tudu ya fi fitowa ga masu baƙar fata, kuma idan akwai mai irinsa a danginku haɗarinka ya ƙaru. In ka yi nadama daga baya, gogewa da hasken leza yakan ɗauki zama 6 zuwa 12 ko fiye, mako 6 zuwa 8 tsakanin kowanne, kuɗinsa ya kan ninka na zanen, kuma sau da yawa yana barin wurin ya yi fari ko duhu fiye da sauran jiki.